Da gaske an hango tsohon daɓen teku a ƙarƙashin manyan duwatsun duniya?

Sadiq_Funtuwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ke ta yawo, wai masana sun ɗauki hoton wani tsohon daɓen teku da ya nutse cikin ƙasa, yana can a zurfin sama da kilomita 1,000 ƙarƙashin Indiya da duwatsun Himalaya, wani kuma ƙarƙashin Amurka. Har da hoto mai shuɗi da ja. Ni dai abin bai kwanta mini ba. Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya taɓa haƙawa shi ne na Kola a Rasha, kilomita 12 da 'yan kai, kuma zafi na cikin abin da ya tsayar da su. To wa ya leƙa kilomita 1,000? Da wace kyamara? A ganina zanen kwamfuta ne aka laƙaba masa sunan hoto. Masu ilimin abin ku warware mana.

Baban_Khalifa:
Wa alaikumus salam. Ka riga ni a baki, Malam Sadiq. Gani ya kori ji, nan kuwa babu ganin.

Dakta_Nasir:
Wa alaikumus salam. Malam Sadiq, ka yi gaskiya a kan abu ɗaya: babu kyamara, babu wanda ya leƙa. Amma ba zanen son rai ba ne, awo ne. Duk sanda aka yi babbar girgizar ƙasa, motsinta ba ya tsayawa a garin da abin ya faru. Yana ratsa cikin duniya ya ɓullo a wasu nahiyoyi, na'urorin auna girgiza su rubuta daidai daƙiƙar da ya iso. Girgizar Turkiyya ta 6 ga Fabrairun 2023, motsinta na farko kimanin minti 7 ya ishe shi ya iso arewacin Nijeriya. Jikinmu bai ji ba, amma na'ura tana ji.

Daga dubban girgizar da aka auna, an san lokacin da ya kamata motsin ya ɗauka tsakanin wuri da wuri. Sai a ga a wata tasha ya riga lokacinsa da daƙiƙa ɗaya ko biyu, a wata kuma ya makara. Dutse mai sanyi ya fi tauri, motsi ya fi gudu a cikinsa, mai zafi kuma yana rage masa gudu. In aka tara miliyoyin hanyoyi da suka gitta juna ta kowace kusurwa, kwamfuta za ta lissafa inda saurin yake da inda nawar take. Aikin injin sikanin na asibiti ke nan, ya harba haske ta kowane gefe ya fito da hoton cikin mutum ba tare da an tsaga shi ba, sai dai a nan girgizar ƙasa ce hasken. Sunan fasahar tomogirafi. Keiiti Aki ɗan Japan da Adam Dziewonski ɗan asalin Folan su ne suka share mata hanya a shekarun 1970. Shuɗin da ka gani inda motsi ya yi sauri ne, jan kuma inda ya yi nawa. Masu binciken ne suka zaɓi launukan.

Ummi_Zariya:
Dakta, to ai a sakandare an koya mana cewa da ka wuce ɓawon ƙasa sai narkakken dutse. Ta yaya abu zai shiga cikin wannan wutar ya kwashe miliyoyin shekaru bai narke ba, har a ce yana da sanyi?

Malama_Hadiza:
Ummi, wannan fahimtar ta yaɗu ƙwarai, kowace shekara sai na warware wa ɗalibaina ita. Sashen da ke bin ɓawon ƙasa, wato mantil, wanda ya kai zurfin kilomita 2,900, daskararren dutse ne. Hujjar ma daga girgizar ƙasa ta fito. Motsin iri biyu ne. Akwai mai turawa gaba, shi ke fara isowa kuma yana ratsa komai. Akwai mai kaɗawa gefe da gefe, wanda ba ya iya bi ta cikin ruwa ko wani narkakken abu. Na biyun nan yana ratsa mantil daga sama har ƙasa lafiya lau, sai a kilomita 2,900 yake ɓacewa, domin daga nan narkakken ƙarfe ya fara. Da mantil a narke yake, da bai wuce ba.

Dutsen yana da zafi matuƙa, amma nauyin da ke danne da shi ya hana shi narkewa, sai dai ya riƙa malala a hankali, 'yan santimita a shekara. Daskararren abu yana malala in aka ba shi lokaci. A duwatsun Zagros na Iran akwai gishirin dutse da ke gangarowa daga kan tudu sannu-sannu, alhali in ka buga masa guduma tsagewa zai yi.

Dakta_Nasir:
Ƙari kaɗan a kan bayanin Malama. Saman duniya a rarrabe yake faranti-faranti, suna tafiya. Farantin teku in ya tsufa kaurinsa yakan kai kilomita 100, ya kwashe miliyoyin shekaru yana hucewa ƙarƙashin ruwa har ya fi abin da ke ƙasansa nauyi, sai ya lanƙwashe ya nutse. Dutse kuwa ba ya saurin ɗaukar zafi, balle mai irin wannan kauri. Kuma sanyin da ake faɗa ba na ƙanƙara ba ne, ya dai gaza kewayensa da digiri 'yan ɗaruruwa. Bambancin gudun da hakan ke haifarwa a can ƙasa bai fi kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba. Wannan ɗan ƙanƙanin bambanci shi ake farauta.

Injiniya_Bala:
Ni ban karanci mantil ba, amma na yi aiki da masu neman mai ta irin wannan hanyar a dajin da ke tsakanin Bauchi da Gombe. Muna shimfiɗa waya mai tsawon gaske, kowane 'yan taku a soke wata 'yar na'ura mai tsini a ƙasa, ka taka ta da dunduniya ta zauna daram, domin in ta yi sako-sako iska kaɗai ta isa ta ɓata aikin. Sai babbar mota ta sauke wani faffaɗan ƙarfe ta danna shi a ƙasa ta girgiza na 'yan daƙiƙu. Kana tsaye can nesa kana jin abin a tafin ƙafarka. A lokacin sai an roƙi masu shanu da masu babura su dakata. A cikin motar kwamfuta kuma layuka ne ke fitowa suna murɗewa, kowane layi na'ura ɗaya, kana ganin yadda amsar ke dawowa daga shimfiɗun dutse bi da bi. Wannan aikin ana gwada shi, domin daga baya ana haƙa rijiya a ga ko shimfiɗar tana inda lissafi ya ce. Ba don yana aiki ba, babu kamfanin da zai zuba kuɗinsa. Namu dai 'yan kilomita ne kawai.

Sadiq_Funtuwa:
Injiniya, ka kawo ni inda nake so. Ku kuna haƙa rijiya ku tabbatar. Su da me za su tabbatar? Na yarda an auna lokaci, na yarda akwai wani abu mai tauri a can. Amma daga "wani abu mai tauri" zuwa "daɓen tekun da ya ɓace" akwai tafiya mai nisa.

Kabiru_Turai:
Malam Sadiq, su kansu masanan sun daɗe suna yi wa juna wannan tambayar. Ba daga Himalaya aka fara ba, daga inda nutsewar ke faruwa a yau aka fara. Gabas da Japan akwai wani dogon kwazazzabo a ƙasan teku, nan ne farantin Fasifik ke shigewa ƙarƙashin Asiya da gudun santimita 8 zuwa 9 a shekara. Tun 1928 Kiyoo Wadati ya nuna cewa akwai girgizar da ke tasowa daga zurfin ɗaruruwan kilomita, daga baya Hugo Benioff a Amurka ya faɗaɗa binciken. In ka ɗiga kowace girgiza a takarda bisa zurfinta, sai ka ga sun jeru, daga bakin kwazazzabon suna gangarawa yamma har kusan kilomita 600. Wannan ba tomogirafi ba ne, hujja ce mai zaman kanta, kuma ta riga shi da shekaru da dama.

Da tomogirafi ya zo, zirin shuɗin da ya fitar sai ya hau daidai kan wannan jeren. Kuma inda girgizar ta ƙare, zirin bai ƙare ba. Na Japan ya kwanta a wajen kilomita 660, ya miƙe ƙarƙashin Koriya da arewa maso gabashin Sin. A wasu wuraren, kamar ƙarƙashin tsibirin Java da Amurka ta Tsakiya, ya huda ya wuce ƙasa. To abin da aka bi sawunsa daga bakin kwazazzabo bai yanke ba, me za a kira shi in ba farantin ba? Ruwa ba ya tsami banza.

Haka yake a duwatsun Andis na Amurka ta Kudu. Ranar 9 ga Yunin 1994 an yi girgiza mai ƙarfin maki 8.2 a zurfin kimanin kilomita 630 ƙarƙashin Bolibiya, har a Toronto ta Kanada an ji ta. A cikin farantin teku na Nazka, wanda ya nutse ƙarƙashin Amurka ta Kudu, ta faru.

Abu_Maryam:
Ina karatu a Islamabad lokacin da aka yi ta 26 ga Oktoban 2015. Da rana ne, bayan azahar. Fankar silin ce ta fara lilo, sannan murfin kabad ya riƙa buɗewa yana rufewa, muka fita fili a guje kowa na salati. Ƙasar ba fizga take yi ba, lilo take, kuma ta jima tana yi. Tushenta yana can duwatsun Hindu Kush a arewa maso gabashin Afganistan, amma har Delhi an ji. Kusan mutum 400 suka rasu, mafi yawansu a Pakistan, Allah ya jiƙan su. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne da aka ce zurfinta ya haura kilomita 200, ga shi babu teku ko kusa. Malam Kabiru, tana da alaƙa da wannan magana?

Kabiru_Turai:
Amin. Ƙwarai kuwa, Abu Maryam. A tsakiyar nahiya girgiza ba ta saba wuce 'yan gomomin kilomita ba, domin ƙasa da nan dutsen ya yi zafin da zai lanƙwashe maimakon ya karye. Sai dai in akwai wani abu mai sanyi da ya saƙale a wurin. Ƙarƙashin Hindu Kush tomogirafi ya nuna wani siririn guntu yana reto kusan a tsaye. Nauyinsa na jan sa ƙasa, yana sirancewa a wajen kilomita 200, wato yana kan tsinkewa ne, kuma a daidai wannan wuyan girgizar ke taruwa. Zurfin ne ya sa aka ji ta a ƙasashe da yawa lokaci guda.

Nafisa_Kumasi:
Ni abin da ya sa na yarda akwai teku a wurin a da shi ne ƙolin Eberest. Tsayin mita 8,849, amma dutsen da ke can sama farar ƙasa ce mai ɗauke da burbushin halittun teku. Ke nan daɓen tekun ne ya hau sama, ba nutsewa ya yi ba?

Yakubu_Bukuru:
Malama Nafisa, abu biyu ne daban. Farar ƙasar Eberest ta taru ne a gaɓar teku mara zurfi, a gefen nahiyar Indiya. Dutsen nahiya ba shi da nauyi sosai, ba ya yarda ya nutse, shi ya sa da Indiya ta yi karo da Asiya kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce, ya tattare ya hau sama. Ainihin daɓen tekun mai zurfi, wanda ake kira Tetis, baƙin dutse ne mai nauyi, shi ne ya tafi ƙasa. Ɓarɓashinsa kaɗan ya maƙale a sama, ana ganinsa a kwarin kogin Indus da na Yarlung Tsangpo a Tibet, inda nahiyoyin biyu suka haɗe. Mafi girman abin da ya tsira yana duwatsun Oman, mutum zai iya takawa da ƙafa daga tsohon daɓen teku har cikin dutsen mantil.

Kabiru_Turai:
Kuma nan lissafin ya fi ƙarfi, Malam Sadiq. Maganaɗisun da ke daskare cikin tsofaffin duwatsu da cikin daɓen Tekun Indiya ya nuna Indiya ta taso daga can kudu, ta yi tafiyar dubban kilomita, a wani lokaci da gudun da ya kai santimita 15 a shekara. To tekun da ke gabanta ina ya tafi? Ba ya sama, dole yana ƙasa. A 1999 Rob van der Voo da Wim Spakman da Harmen Bijwaard suka duba hotunan tomogirafi, suka tarar da dogayen ziri masu sauri a zurfin da ya wuce kilomita 1,000. Kuma ba ƙarƙashin Himalaya tsaf suke ba, sun fi yin kudu, ƙarƙashin Indiya kanta, wato inda bakin Asiya yake a wancan zamanin kafin Indiya ta bi ta kansa ta wuce. Mai zanen son rai da ƙarƙashin dutsen zai sa shi.

Baban_Khalifa:
To ko wannan shi ne abin da Alƙur'ani ya faɗa a Suratun Naba'i, cewa an sanya duwatsu turaku? In haka ne ai mun riga su sani.

Malama_Hadiza:
Baban Khalifa, ko a ilimin ƙasa abu biyu ne. Akwai saiwar dutse, wato kaurin ɓawon ƙasa a ƙarƙashinsa. A yawancin nahiyoyi ɓawon kilomita 35 ne zuwa 40, amma a Tibet ya kai kusan 70. George Airy ya kawo wannan bayanin tun 1855. Saiwar a manne take da dutsen. Abin da ake muhawara a kansa kuwa galibi ya riga ya tsinke ya yi nisa da ɗaruruwan kilomita.

Malam_Auwal:
Jama'a, a yi hattara a nan. Aya tabbatacciya ce, ba ta jiran wani bincike ya gaskata ta. Bincike kuwa yau a faɗi abu, gobe a gyara. In muka ɗaura aya a kan wani hoto, ranar da aka canza hoton mai raunin ilimi sai ya rikice. A bar tafsiri ga ma'abotansa, a yi wannan nazarin a matsayin duba cikin halittar Allah, wanda shi ma an umarce mu da shi.

Ummi_Zariya:
Allah ya saka da alheri, Malam. Na Amurka fa? Malam Sadiq ya ambace shi tun farko ba a taɓo shi ba.

Dakta_Nasir:
Shi ne ma ya fi suna. A da, yamma da nahiyar Amurka akwai wani babban farantin teku da ake kira Faralon, wanda kusan duk ya nutse, sai 'yan guntaye irin su Juan de Fuca da Kokos da Nazka. Stephen Grand ya fitar da hotonsa a 1994: doguwar katanga mai sauri a can cikin mantil, ƙarƙashin gabashin nahiyar. Kuma da shi ake bayanin wani abin ɗaure kai. Duwatsun Roki na jihar Kolorado sun yi nisa da gaɓar teku da fiye da kilomita 1,000, alhali irin waɗannan duwatsu kusa da gaɓa suka saba tasowa. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne, tsakanin shekara miliyan 80 zuwa 55 da suka wuce farantin ya daina gangarawa a tsaye, ya kwanta yana gogar ƙasan nahiyar har can ciki, ya tura ɓawon ya tashi. Irin wannan kwanciya ana ganinta a yau ƙarƙashin Peru da tsakiyar Cile da Ajantina, kuma a waɗannan wuraren babu duwatsu masu aman wuta da ke aiki, duk da makwabtansu suna da su.

Amurkawa sun kashe kuɗi a kan wannan. Daga 2004 suka jera na'urori 400, tsakanin kowace da kowace kimanin kilomita 70, kowace ta yi kusan shekara 2 a wuri sannan a cire ta a kai gaba, daga yamma har suka ƙure gabas.

Kabiru_Turai:
Dakta, a ƙara da cewa ba kowa ya yarda duk katangar Faralon ce ba. A 2013 Karin Sigloch da Mitchell Mihalynuk suka ce katangun a tsaye suke cak, kuma hakan na nufin bakin nutsewar ya daɗe a wuri ɗaya bai gusa ba. Nahiyar Amurka kuwa tafiya take yi yamma a lokacin. Saboda haka suka ce nutsewar a tsakiyar teku ta faru, ƙarƙashin wasu jerin tsibirai, daga baya nahiyar ta zo ta yi karo da su, kuma su ne ƙasashen da suka manne a yammacin Kanada da Alaska. Har yanzu ana ja a kan wannan.

Sadiq_Funtuwa:
Kun ji ko! Hoto ɗaya, labari biyu. Abin da nake faɗa ke nan tun farko.

Dakta_Nasir:
A'a, Malam Sadiq, da farko cewa ka yi zane ne. Su biyun ba su yi saɓani a kan cewa katangar tana nan ba, ko a kan cewa farantin teku ne. Saɓaninsu a kan wane faranti ne, kuma ta wace fuska ya nutse.

Sani_Maradi:
Dakta, kada a rufe bakin Malam Sadiq da wuri, yana da abin kamawa. A ƙarshen 2024 masu bincike a jami'ar ETH Zurich ta Suwizalan sun yi amfani da dukkan siffar motsin girgizar, ba lokacin isowarsa kaɗai ba, sai suka ga wurare masu sauri a ƙarƙashin yammacin Fasifik, inda babu tarihin nutsewar faranti a shekara miliyan 200 da suka wuce. Su da kansu suka ce ba kowane shuɗi ne faranti ba, mai yiwuwa dutse ne mai wani sinadari daban. Ko a Kalifoniya akwai wani dunƙule a kudancin duwatsun Sierra Nevada, wasu na cewa saiwar dutsen ce ta ɓalle tana nutsewa, wasu na cewa guntun tsohon farantin teku ne.

Kabiru_Turai:
Haka ne, Malam Sani. Gudun motsi bai dogara ga zafi kaɗai ba, har da irin ma'adinin da ke cikin dutsen. Ga kuma matsalar rarrabuwar na'urori. Girgiza tana faruwa a wasu yankuna ne kawai, na'urori kuma sun taru a Turai da Japan da Amurka, teku kusan fayau. Inda hanyoyin ba su gitta juna sosai ba, hoton yakan shafe ya miƙe. Shi ya sa suke yin wani gwaji: su ƙirƙiri duniyar ƙarya a kwamfuta, murabba'i mai sauri kusa da murabba'i mai nawa, su bi da motsin ta hanyoyin da suke da su na gaske, su ga ko lissafin zai dawo musu da murabba'an. Inda suka dawo tsaf, hoton wurin abin dogaro ne. Inda suka cakuɗe, a yi taka-tsantsan. Duk wanda ya nuna maka hoton tomogirafi, tambaye shi sakamakon wannan gwajin.

Ko a duwatsun Alp na Turai, inda aka jera na'urori sama da 600 tsakanin 2016 da 2019, ba a daina gardama ba a kan guntun da ke ƙarƙashin gabashinsu, na farantin Turai ne daga arewa ko na farantin ɓangaren Italiya daga kudu.

Dan_Agadas:
Salamu alaikum. Mu fa? Duwatsun Abzin da na Jos akwai irin wannan ƙarƙashinsu?

Yakubu_Bukuru:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba kowane dutse ne ke da faranti a ƙarƙashinsa ba. Duwatsun giranit na Jos, waɗanda muke haƙo kuza a jikinsu, narkakken dutse ne da ya kutso daga ƙasa a tsakiyar nahiya, nesa da duk wani bakin faranti. Jeri ɗaya ne da naku. Na Abzin sun fi tsufa, kimanin shekara miliyan 400, na Damagaram suna biye, ana yin kudu suna ƙara yarinta, har a iso na Jos da kewaye, waɗanda ba su kai miliyan 200 ba.

Amma ƙasarmu ta taɓa ganin irin abin da ya faru a Himalaya. Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce wani teku ya rufe tsakanin tsohuwar ƙasar Afirka ta Yamma da yankinmu, manyan duwatsu suka tashi daga Hoggar ta Aljeriya har zuwa Togo da Benin. A yankin Gurma na Mali da kuma Togo an samu duwatsun da ma'adinansu ke nuna sun nutse can ƙasa sosai sannan suka dawo. Tsaunukan sun zaizaye, gindinsu ne muke takawa. Farantin da ya nutse a lokacin kuwa ya tsufa ƙwarai, ba za a gan shi a hoto ba. Masu binciken jami'ar Utrecht a Holan da suka tattara guntaye 94 a 2018 sun ƙiyasta nutsewar a kan milimita 12 a shekara a ƙasan mantil. Da wannan gudun, cikin shekara miliyan 250 ya kai ƙarshen mantil.

Dan_Agadas:
Madalla, na gode Malam Yakubu. Ashe dutsenmu da naku dangi ne.

Injiniya_Bala:
Abin da ke damuna shi ne ƙarancin na'urori a wajenmu. Akwai cibiyar da ke Toro a jihar Bauchi mai kula da tashoshin auna girgiza, amma ƙasa mai girman Nijeriya tana buƙatar fiye da 'yan tashoshin da ake da su. Lokacin da ƙasa ta motsa a Kwoi a 2016 da Mpape ta Abuja a 2018 kowa ya ga amfaninsu. Kuma ƙarƙashin Afirka, can ƙasan mantil, akwai wani ƙaton yanki da ke fitowa ja a hoton, wato inda motsi ke nawa, ɗaya daga cikin biyu a duniya, ɗayan yana ƙarƙashin Fasifik. Abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu ne, ya kamata 'ya'yanmu su shiga cikin masu auna shi.

Sadiq_Funtuwa:
Na karanta komai. Ga inda na tsaya. Na Japan da Bolibiya da Hindu Kush na yarda, domin akwai girgiza a jikin abin, shaida biyu ke nan. Wanda ya wuce kilomita 700, inda babu girgiza, shi nake ja da shi. Sannan Malam Yakubu, wannan milimita 12 ɗin, ba daga hoton aka ciro shi ba, sannan a dawo a yi amfani da shi a faɗi shekarun abin da ke cikin hoton?

Yakubu_Bukuru:
Shekarun daga duwatsun sama aka ciro su, Malam Sadiq. Nutsewar faranti tana barin jerin duwatsu masu aman wuta a bayanta, kuma ana auna shekarun waɗannan a ɗakin gwaji, a san yaushe aka fara yaushe aka daina. Zurfin ne kawai daga hoto. Inda haɗarin yake shi ne wajen haɗa wane guntu da wane dutse, nan kam hukuncin mai bincike ya shigo.

Malama_Hadiza:
A ƙara wa Malam Sadiq wasu irin waɗanda ya yarda da su. Ƙarƙashin Giranada a kudancin Sifaniya an yi girgiza a 1954 da kuma 2010 a zurfin fiye da kilomita 600, kuma tomogirafi ya nuna guntu yana reto daga yankin mashigin Jibralta, tsakanin duwatsun kudancin Sifaniya da na Rif a Maroko. Haka a Romaniya, ƙarƙashin lanƙwasar duwatsun Karpat, inda girgizar 4 ga Maris 1977 ta taso ta kashe mutum sama da 1,500, mafi yawansu a Bukares.

Dakta_Nasir:
Game da na ƙasa da kilomita 700, akwai shaida ta biyu, Malam Sadiq. A 1997 Grand da Rob van der Hilst da Sri Widiyantoro suka ajiye hotuna biyu gefe da gefe. Ɗaya da motsi mai kaɗawa aka yi shi, ɗayan da mai turawa, bayanai daban, hanyar lissafi daban, ƙungiya daban. Dukansu suka fitar da dogayen ziri biyu a wuri ɗaya, na ƙarƙashin Amurka da na kudancin Asiya. Kuskuren lissafi ba zai faɗo wa mutum biyu a wuri ɗaya da siffa ɗaya ba.

Sani_Maradi:
Shaida ce mai nauyi, Dakta, ban musa ba. Amma ta tabbatar da cewa abin yana nan ne, ba ta faɗi mene ne shi ba, kuma dukansu biyun daga yankunan girgiza ɗaya da kusan tashoshi ɗaya suka ɗebo. Ni ina jiran abin da na'urorin da ake sakawa a teku za su kawo, masu yawo a ƙarƙashin ruwa su taso su aika saƙo ta tauraron ɗan Adam. An zuba wasu a kudancin Fasifik tun 2018. Malam Kabiru, a cikin hotunan da ka gani, akwai wanda ya yi wa zirin Indiya wancan gwajin murabba'an a zurfin kilomita 1,500?